Darasi na 9: Wa Ke Tuhumar Shugaban Hukumar Sufuri?

Jihohi da yawa suna da motocin haya na gwamnati. Kano tana da Kano Line, Bauci tana da Yankari Express, Katsina tana da KTSTA, Barno kuma tana da Borno Express. Da kuɗin jama'a ake sayen waɗannan motoci, don talaka ya yi tafiya cikin rahusa. Gwamna kan naɗa mutum ɗaya ya shugabanci hukumar. Shi ke da alhakin gyara da man mota da kuɗin da ake tarawa kullum a tasha.

A ce a wata jiha an sayo sababbin bas-bas, an yi biki, an yanka ƙyalle. Bayan shekara biyu sai ka leƙa garejin hukumar ka tarar da rabinsu a jibge, an ɗora su a kan duwatsu, tayoyi sun yi ɓatan dabo, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. A tasha kuma ana karɓar kuɗin fasinja ba tikiti, ko a miƙo tikitin da ba shi da lamba. Direbobi suna bin bashin albashi. To, wa zai kira shugaban ya ce masa, "Malam, ina motocin, ina kuɗin?"

Wannan aikin Majalisar Dokokin Jiha ne. Ba alfarma 'yan majalisa za su yi mana ba, doka ce ta ɗora musu.

Abin da doka ta ce

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya yi bayani dalla-dalla. Sashe na 120 ya ce ba a fitar da ko kwabo daga baitulmalin jiha sai majalisa ta amince. Tunda ita ta yarda a kashe kuɗin, tana da hurumin bin sawunsa. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincikar duk wata ma'aikata ko hukuma da ke kashe kuɗin da ta ware, don ta tona asirin cin hanci da sakaci da almubazzaranci. Ku lura, ba sai an kama mutum da sata ba. Wanda ya bar dukiyar jama'a ta ruɓe saboda ko-in-kula, shi ma yana da amsar da zai bayar.

Sashe na 129 ya fi ƙarfi. Majalisa tana iya aika wa shugaban sammaci ya bayyana a gabanta da takardunsa, ta rantsar da shi kafin ya yi magana. In ya ƙi zuwa ba tare da hujja ba, sai ta ba da takardar kamu, ɗan sanda ya kawo shi.

Akwai kuma Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha. Sashe na 125 ya ce ya miƙa rahotonsa ga majalisa cikin kwana 90 da karɓar lissafin shekara daga Babban Akanta, sannan kwamitin majalisa mai kula da asusun gwamnati ya zauna a kansa.

Inda ikon majalisa ya tsaya

Majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Ba ita ke korar shugaban ba, tana dai ba gwamna shawarar ya sauke shi. Tana iya tura maganar ga hukumomin yaƙi da cin hanci, EFCC ko ICPC, tana kuma iya riƙe kasafin hukumar har sai an kawo mata bayani. A nan gizo ke saƙa. Sau da yawa shugaban na hannun daman gwamna ne, yawancin 'yan majalisa kuma jam'iyyarsu ɗaya, sai a kafa kwamiti, a yi zama biyu, maganar ta bi ruwa. Abin takaici ne, domin mai kai kaya kasuwa da ɗalibi mai komawa makaranta su ke biyan ninkin kuɗin mota a motocin 'yan kasuwa. Binciken da jama'a suka zuba wa ido da wuya a binne shi.

Yadda za ku kai koke

Kowace majalisar jiha tana da wakilai daga 24 zuwa 40, kuma ɗaya daga cikinsu naku ne. Ku rubuta takardar koke zuwa ga Kakakin Majalisa, ku ba wakilinku ya gabatar, ko ku kai ofishin Akawun Majalisa. Ku riƙe kwafi, a buga muku hatimin shaidar karɓa a kai.

Kada ku rubuta "an ce" ko "mun ji". Ku rubuta abin da idonku ya gani: ranar, sunan tashar, lambar motar, nawa aka karɓa. In da hoto ko tsohon tikiti, ku haɗa. Ban da zagi, ban da ƙazafi, don shi wanda ake ƙara yana da haƙƙin kare kansa. Ku sa hannu ku da yawa, wanda bai iya ba ya dangwala. In an sa ranar sauraron jama'a, ku je, ku zauna har a tashi. Bayan mako biyu ku koma wurin wakilinku ku ce, "Ranka ya daɗe, ina aka kwana a kan kokenmu?"

Tambayoyi

1. Wane sashe ne ya ba majalisa ikon aika sammaci?
2. Majalisa tana iya korar shugaban hukuma da kanta? Me take iya yi?
3. Wa ke wakiltar mazaɓarku a majalisar jiha? Rubuta sunansa.

Aikin aji

Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya rubuta takardar koke mai layi 10 a kan motar gwamnati da ta daina zuwa garinsu, da kwanan wata a sama da sa hannu a ƙasa. Ɗaya ya tashi ya karanta, sauran su zama 'yan kwamiti su yi masa tambayoyi.