Wace Brigid kake nufi? Kurakuran masu fara nazarin sabuwar bautar gargajiya ta Turawa

Na daɗe ina duba rubuce-rubucen ɗalibai masu nazarin al'adu da adabin baka na wasu ƙasashe. A 'yan shekarun nan da yawansu sun karkata ga Turawan nan na Ingila da Ailan da Amurka da ke ƙoƙarin raya bautar kakanninsu ta kafin zuwan Kiristanci, wato 'yan Wika da masu kiran kansu Duruid da makamantansu. Fage ne da ya cancanci a yi masa aiki na gaske. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales kusan mutum 74,000 suka ce wannan ce bautarsu, ban da wasu 13,000 da suka rubuta Wika. Sai dai kurakuran da nake gyarawa bana su ne na gyara bara, har jan birona ya gaji.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haɗa mata daban-daban a tukunya ɗaya don kawai sunansu ya zo ɗaya. Kuma babu sunan da ya fi kayar da mutane kamar Brigid.

Ranar 1 ga Fabrairu masu wannan bauta suna bikin Imbolc, suna kunna kyandir da sunan Brigid. Ɗalibi sai ya shiga intanet, ya kwaso duk abin da ya gani da wannan suna, ko Bridget, ko Birgitta, ya dama su wuri guda. Alhali su nawa ne? Akwai abar bautar mutanen Ailan na dā, wadda bayaninta mafi shahara ya zo a wani ƙamus da ake dangantawa da Cormac, sarki kuma bishop na Munster da ya rasu a 908. Shi kansa ƙamusin cewa ya yi 'yar Dagda ce, wani babban abin bautarsu, wadda mawaƙa ke girmamawa, kuma tana da 'yan'uwa mata biyu, ɗaya ta magani ɗaya ta ƙira, duk sunansu Brigid. Tun daga tushe ke nan sun zama uku. Akwai waliyyar Kiristoci ta garin Kildare a Ailan, wadda aka ce ta rasu wajen 525, amma tarihinta da Cogitosus ya rubuta sai bayan fiye da shekara ɗari ya fito. Akwai Birgitta ta Suwidin, 1303 zuwa 1373, matar aure mai 'ya'ya takwas da ta ƙare rayuwarta a Rum. Akwai Bridget Bishop, wadda aka fara ratayewa a shari'ar maita ta Salem a Amurka ranar 10 ga Yunin 1692. Sannan akwai Bridget Cleary, matashiya mai ɗinki a yankin Tipperary, wadda mijinta Michael ya ƙone ta a watan Maris na 1895. Tsakanin ta Kildare da ta Tipperary kusan shekara 1,400 ne.

Ni kaina wannan rami ya taɓa rufta ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Lokacin ina karatun digiri na biyu na rubuta babi guda kan wutar Kildare, wato wutar da aka ce ba a bari ta mutu a wurin ibadar waliyyar. Na karanta cewa a 1993 wasu sistoci 'yan ƙungiyar Brigidine sun sake kunna ta. Na kuma karanta a wani wuri cewa akwai ƙungiyar zuhudu mai suna Bridgettine da ta samo asali tun ƙarni na 14. Na ɗauka abu ɗaya ne, bambancin rubutu ne kawai. A kan wannan na gina hujjata gaba ɗaya: ga sarƙa nan da ba ta yanke ba, daga bautar dā zuwa waliyya, daga waliyya zuwa ƙungiyar ƙarni na 14, daga nan zuwa yau. Wata uku ina wannan gini. Ranar gabatarwa wani dattijon malami ya bari sai da na kai aya, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam, wacce daga cikinsu ta kafa wannan ƙungiya?" Na ce, "Allah gafarta malam, ai Brigid ce." Ya ce, "Wace Brigid?" Ɗakin ya yi tsit. Ƙungiyar ƙarni na 14 ta Birgitta ce, cibiyarta Vadstena a Suwidin, ba ta da haɗi da Kildare. Ita kuwa wadda ta kunna wutar, wani bishop mai suna Daniel Delany ne ya kafa ta a Tullow a 1807. Babin ya rushe, zangon karatu guda ya salwanta, tallafin da nake dogara da shi ya ƙare kafin in gama, sai da na ci bashi na biya kuɗin ƙarin shekara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin wannan cuta yana cikin gidanmu. Malaman hadisi sun ware fanni sukutum don masu ruwaya da sunansu da na mahaifinsu ya zo ɗaya alhali mutane daban ne, suna kiransa muttafiƙ wal muftariƙ, kuma Khaɗib al-Baghdadi ya yi littafi a kai tun ƙarni na 11. Ko a unguwa, wa yake cewa "Hauwa" ya yi shiru? Sai an ce Hauwa 'yar gidan wane, matar wane. To don me in aka zo kan matan Turawa sai mu watsar da wannan tarbiyya? Tun daga ranar nan na ɗauki wata ɗabi'a da ban taɓa saki ba. Kowace mace da zan ambata sai na yanka mata katinta na kwali: sunanta yadda tushen ya rubuta shi harafi da harafi, mahaifi ko miji, gari, shekarar rasuwa, sai kuma can ƙasa da jan biro, rubutu mafi tsufa da ya ambace ta da shekararsa. Wasu abokan aikina suna ganin ɓata lokaci ne tunda akwai kwamfuta. Ni dai sai na baje katunan a tabarma na gan su jere nake yarda da kaina. Na gwada hanyar a kan Sarauniya Amina ta Zazzau ma, nan take saɓanin ya fito fili: Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, wasu ruwayoyin kuma sun kai ta ƙarni na 16 a matsayin 'yar Bakwa Turunku.

Wannan layi na jan biro shi ke kashe kuskure na biyu, wato yawan cewa "tun fil azal". Ɗalibi zai rubuta cewa wutar Kildare ta matsafan dā ce da Kiristoci suka gada, ya wuce abinsa. Na tambaye ka, wa ya fara ba da labarin wutar? Gerald na Wales ne, wajen 1188. Shi ya ce mata masu zuhudu goma sha tara ke karɓa-karɓar tsaronta, dare na ashirin a bar wa Brigid, kuma akwai shingen da namiji ba ya ƙetarewa. Shekara fiye da 600 ke nan bayan rasuwar waliyyar, kuma Cogitosus da ya zauna a Kildare ya siffanta cocinta dalla-dalla bai ambaci wutar ba. Mai yiwuwa akwai alaƙa tsakanin waliyyar da abar bautar, masana suna ta muhawara a kai. Amma "mai yiwuwa" daban, "tabbas" daban.

Ku kuma da kuke kwafo Margaret Murray kamar wahayi, ku ji tsoron Allah. A 1921 ta fitar da ra'ayin cewa waɗanda aka kashe da sunan maita a Turai mabiya wani tsohon addini ne na ɓoye. A 1929 aka ba ta ta rubuta bayanin maita a kundin Britannica, aka yi ta sake buga shi kusan shekara arba'in, ita ce kuma ta rubuta wa Gerald Gardner gabatarwar littafinsa na 1954 da ya fito da Wika fili. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki ikirarin da aka tatsa daga bakin mutane da azaba ta mai da shi shaida, ta kuma tsallake sassan da suka ce sun tashi sama ko sun rikiɗa dabbobi don labarin ya yi kama da gaskiya. Norman Cohn ya bankaɗo wannan tun 1975, Ronald Hutton kuma a 1999 ya nuna yadda Wika ta tsiro a Ingila a ƙarni na 20. Manyan 'yan Wika da yawa sun karɓi wannan. Kai da ba addininka ba ne, me ya sa ka fi mai kora shafawa? Haka batun mata miliyan tara da aka ce an ƙone. Wani Bajamushe ne, Gottfried Voigt, ya ɗauki adadin garinsu Quedlinburg a 1784 ya yi ta ninkawa, Matilda Gage ta yaɗa lissafin a Amurka a 1893. Ƙiyasin masana tarihi shi ne 40,000 zuwa 60,000, kuma akwai maza a ciki. Wannan adadi ma ya isa abin kuka, ba ya buƙatar ƙari.

Sai fassara, inda mu Hausawa muke da namu tuntuɓen. Kada ka kira 'yar Wika mayya. A wurinmu maye mai kama kurwa ne, mai ƙanƙara a ciki, wanda ake tilasta wa tsallake mara lafiya, kuma wannan zargi ya raba aure ya kori tsofaffi daga garuruwansu. Ita kuwa kalmar da suke kiran kansu da ita, wato witch ta Turanci, sun ɗauke ta ne da gangan suna alfahari da ita. Ni "mabiya Wika" nake rubutawa. Kada ka ce musu Maguzawa, don Maguzawa jama'a ce takamaimai mai tarihinta a ƙasar Kano da Katsina. Arna kuma zagi ne a kunnen mai karatu. Bridget Cleary ma ba da sunan maita aka kashe ta ba, duk da ana yi mata laƙabin mayyar ƙarshe da aka ƙone a Ailan. Mijin cewa ya yi aljanu sun ɗauke matarsa sun ajiye wata, irin abin da mu ma muke ji na musayar jarirai, kotu kuma ta yanke masa shekara ashirin.

Ƙananan kurakurai kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. A Salem ratayewa aka yi, mutum goma sha tara, ba a ƙone kowa ba. Jerin bukukuwa takwas na shekara da masu wannan bauta ke yi a shekarun 1950 aka harhaɗa shi, Gardner da Ross Nichols na cikin masu hannu a kai. Yaran makaranta da suka rubuta al'adun daren Brigid a tarin 1937 zuwa 1939 na hukumar tattara al'adun Ailan, irin saƙa gicciye da ciyawar fadama da shanya ƙyalle a waje, 'yan Katolika ne masu girmama waliyyarsu, kada ka sa musu wata niyya a baki. Hutun gwamnati na ranar Brigid a Ailan kuma a 2023 ya fara.

Akwai wani kuskure da nake gani ga ɗalibai masu ƙwazo, kuma yana ba ni tsoro. Da zarar sun gano cewa sarƙar ta yanke, sai su koma raina mutanen, su ce ai duk ƙirƙira ce. Nan ne fa aikinmu ya fara. Sabina Magliocco ta yi shekaru tana zama da masu wannan bauta a Amurka kafin littafinta na 2004, tana duba yadda suke ɗebo abu daga littattafan masana al'adu su mai da shi ibada mai rai. Matar da ta ce maka Brigid ɗaya ce, abar bauta da waliyya duka, ba jarrabawar tarihi take amsawa ba, abin da ta yi imani da shi take gaya maka. Rubuta shi yadda ta faɗa, kada ka gyara mata. Ni sai ta gama nake yin tambaya ɗaya, a ina ta fara jin wannan labari kuma a wace shekara, in yanka wa Brigid ɗinta nata katin daban in sa shi a jerin sauran.