Kwapanhagan da hunturu: yadda Basakkwace zai tsara ziyararsa

Wanda zai tashi daga Sakkwato zuwa Kwapanhagan, babban birnin Danmak, a Disamba ko Janairu, da hasken rana ya kamata ya fara lissafi kafin kuɗin otal. Rana ba ta fitowa can sai wajen ƙarfe 8:30 na safe, kafin 4:00 na yamma kuma ta faɗi. Awa bakwai ke nan. Hawan keke da zagayen bakin ruwa a cikinsu za ka cusa su, ka bar gidan tarihi da kanti da cin abinci sai duhu ya shigo. Agogo dai ba sai ka taɓa shi ba, da hunturu lokacinsu ɗaya da na Najeriya.

Bizar Shengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, za ka nema, kuɗinta Yuro 90, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da fasfon da zai rage masa wata uku bayan ranar dawowarka. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, don haka kada ka bari sai tafiya ta ƙarato. Daga filin jirgin Sultan Abubakar III sai Abuja, daga nan ka canza jirgi a Istanbul ko Farankfot. Kilishi da man shanu su tsaya gida: dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Kan cajar wayarka mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu, sayi adafta. Kuɗinsu kurona ne, ba Yuro ba, kurona 7.46 ko kusa da haka a Yuro ɗaya, kuma kusan komai da kati ake biya. Tabbatar naka yana aiki a ƙasar waje.

Sanyin bai cika wuce digiri 0 zuwa 4 ba, sai dai jiƙaƙƙe ne, ga iskar teku. Babbar riga ɗaya mai kauri ba ta maganinsa. Hawa uku ake sawa: ta ulu mai kama jiki, suwaita, sannan wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Kada ta jikin ta zama ta auduga, domin tana riƙe gumi, kana sauka daga keke ta koma ƙanƙara a bayanka. Ƙara safar hannu, hula mai rufe kunne, takalmi sau-ciki da man kaɗanya.

Sallah ma tana son tsari. Azahar jim kaɗan bayan 12:00, La'asar wajen 1:30, Magariba kafin 4:00, duka uku a tsakiyar lokacin yawo. Alƙibla kudu maso gabas take, ba kamar gida ba. Babban masallacin Hamad Bin Khalifa da aka buɗe a 2014 yana titin Rovsingsgade, akwai kuma ƙanana a unguwar Nørrebro.

Daga filin jirgin Kwapanhagan da ke Kastrup, jirgin ƙasa na Metro layin M2 zai kai ka dandalin Kongens Nytorv a tsakiyar birni cikin kusan minti 15, da tikitin shiyya uku. Ba ƙofar da za ta tare ka a tasha, abin da ke ruɗin baƙi ke nan. Masu duba tikiti a cikin jirgi suke, tara kuma ɗaruruwan kurona ce. Irin wannan tikitin na aiki a jiragen ruwa masu ruwan ɗorawa, lamba 991 da 992, waɗanda ke bi ta gaban ɗakin karatun Black Diamond da Nyhavn da gidan Opera. Zagayen tashar ruwa mafi araha ke nan.

Keke shi ne inda baƙo ya fi shan kunya. Ana haya a shago ko ta manhajar Donkey Republic. Kafin ka shiga titi gwada birki, don da yawa daga kekunansu feda ake takawa baya su tsaya, na hannu ɗaya ne kawai. Hanyar keke daban take, tsakanin ta mota da ta ƙafa, kuma mutanen cikinta aiki za su, ba shan iska ba. Riƙe dama ka bar hagu ga masu wucewa. Za ka tsaya, ɗaga hannu sama tukuna. Za ka karya kwana, miƙa hannu ta wannan gefen. Mai tsayawa ba sanarwa shi ake afka wa ta baya.

Kwanar hagu a mararraba hawa biyu ce. Ba a kutsawa tsakiyar motoci. Ka miƙe ka tsallaka zuwa ɗaya kusurwar, ka ɗaga hannu ka tsaya a gefen dama, ka juya kan keken, ka jira danja ta ba ka hanya. In bas ta tsaya tana sauke mutane kai tsaye a kan hanyar keke, kai ne za ka jira su. Goyon babba a keken mutum ɗaya laifi ne. Rashin fitila da duhu, fara a gaba ja a baya, tarar kurona 700. Riƙe waya a hannu ko karya danja, 1,000. Tunda duhu ƙarfe huɗu yake yi, duba fitilar tun a wurin haya. Mai koyo ya guji 7:30 zuwa 9:00 na safe, ya fara da Havneringen, zagayen kilomita 13 na bakin ruwa mai bi ta gadoji irin su Inderhavnsbroen ta 2016. Fita 10:00, ka gama kafin Azahar.

Da rana ta yi sanyi nufi Designmuseum Danmark, gidan tarihin fasahar ƙera kaya, a titin Bredgade, amma ba ranar Litinin ba, a rufe yake. Kada ka yi ƙoƙarin ganin komai. Tsaya a gaban kujerar Wishbone da Hans Wegner ya tsara a 1949: itace ɗaya lanƙwasasshe shi ne majingina shi ne madogarar hannu, mazaunin kuma saƙar hannu ce ta igiyar takarda kusan mita 120. Kafinta ko baduku daga Sakkwato zai fi kowa gane aikin da ke cikin haɗa gaɓoɓinta. Sannan fitilar PH5 ta Poul Henningsen, 1958, mai faifai hawa-hawa da aka jera don kada ƙwan ya haske ido ta kowace kusurwa. Mutanen da ke shafe awa 17 cikin duhu dole su damu da irin hasken ɗakinsu, kuma daga nan zaman hunturun da suke kira hygge ya samo kamanninsa: kyandir a kan tebur, fitila ƙasa-ƙasa, shayi ko gahawa, hira ba gaggawa. Ba a sayar da tikitinsa. Shiga ƙaramin gidan gahawa da ƙarfe huɗu, cire rigar sama, ka zauna awa guda. Lambun Tivoli, wanda ke nan tun 1843, yana buɗe kasuwar Kirsimeti daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, ga mai son fitilu da jama'a.

Wajen abinci a buɗe ido, ƙasar masu kiwon alade ce. Svin, gris, flæsk, skinke da bacon duk alade ne. Frikadeller (dunƙulen nama), leverpostej (niƙaƙƙiyar hanta) da jan tsiren-burodi na bakin titi ma yawanci haka. Abincin ranarsu smørrebrød ne, yankan baƙin burodi da aka ɗora wa kifi ko ƙwai ko nama, ana ci da wuƙa da cokali mai yatsu. Zaɓi na kifi, na jatan lande ko na ƙwai, ka tambaya ko man shanu aka shafa, don wasu kitsen alade suke shafawa. Guda biyu sun ƙosar. Kasuwar Torvehallerne kusa da tashar Nørreport rufaffiya ce, ta dace da sanyi. Gløgg mai zafi da ake sayarwa a Disamba giya ce, sai wadda aka rubuta wa alkoholfri. Naman halal da shawarma suna titin Nørrebrogade da rahusa. Ruwan famfo kuwa sha abinka, kada ka ɓata kuɗi a na gora.

In za ka yi tsaraba a kantin kayan gida na Illums Bolighus ko na tangaran na Royal Copenhagen da ke dandalin Amagertorv, je da fasfo. Harajin kaya kashi 25 cikin ɗari ne, wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba kuma ana mayar masa da wani kaso idan sayayyar ta haura kurona 300. Karɓi takardar a kantin, ka kai a buga mata hatimin kwastan a filin jirgi, kafin ka miƙa akwatin da kayan ke ciki.