Kurakuran da Masu Sayen Motar Hannu Suke Ta Maimaitawa

Na gaji da ganin magidanci ya daɗe yana tara kuɗi, ya sayi mota don fentinta na sheƙi, wata guda bai cika ba yana zaune a gareji ya zabga tagumi.

Babban kuskuren shi ne duba mota bayan an riga an tayar da ita. Injin da ya yi zafi yana rufa wa kansa asiri. Ka ce da sassafe za ka zo, kuma kada kowa ya taɓa makulli. Da isarka ka ɗora hannu kan bonet, in ka ji ɗumi ka juya sai gobe. Ni haka nake yi, mai motar ya ɓata rai in ya ga dama. A tashin farko ake jin ƙarar da take ɓacewa daga baya, a nan ake ganin hayaƙi. Shuɗi na nufin injin na shan baƙin mai. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya ɗumama, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, galibi gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Wani dillali ya taɓa yi min wannan wasan, duk zuwan da na yi sai ya ce yanzu aka dawo da ita daga wanki. Na saya, a tsakiyar hanya lagireto ya tafasa, yara na baya suna kuka, kuɗin gyara kuma ya cinye duk ragin da na yi ta murnar samu.

Kuma don Allah ku daina rantsuwa da lambar kilomita! Mayar da ita baya ba wani aiki ba ne. Dubi sitiyari, robar birki da ake takawa da kujerar direba. In sun siɗe amma mita na cewa motar ba ta yi tafiya ba, wani na ƙarya. Haka fitilar gargaɗin inji: dole ta kama idan ka murɗa makulli, ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila kashe ta aka yi. Ka zo da bakanikenka da na'urarsa ta karanta kwamfutar mota. Wanda dillali ya kawo maka, dillali yake wa aiki.

Sauran a taƙaice. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta zo daidai da ta takardu. Lambobi huɗu na ƙarshen lambar da ta fara da DOT a jikin taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ɗaga kafet, laka ko tsatsa a ƙarƙashin kujera alamar ambaliya ce. Kada ka duba fenti da dare. In ta iyali ce, ja kowane bel na baya da ƙarfi ka ga yana kamawa, sannan ka gwada makullin yara na ƙofofin baya.