Yadda Za Ki Yi Idan Zazzaɓi Ya Sa Ɗanki Jijjiga

Abin yakan zo ba sallama. Yaro yana kwance jikinsa da ɗumi, ko ma yana tsakiyar wasa, sai ki ga ya sandare, idanu sun juye, hannu da ƙafa sun fara fizga, haƙora sun datse. Ki kira sunansa, shiru. Wani har leɓensa ya yi duhu, kumfa ta fito a baki, fitsari ya kubce masa. Duk uwar da ta taɓa ganin haka za ta gaya miki cewa a ranta ta riga ta sallama yaron. Ni ma haka na yi ranar da ta sami ɗana, yana da shekara 1 da wata 4. Da hankalina ya dawo na nemi bayani, sai na gane kusan duk abin da hannuna ya so yi a lokacin, cutar da shi zai yi.

Ita ce jijjigar zazzaɓi, wasu su ce taune-taune. Tana samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, ta fi yawa tsakanin wata 12 da wata 18, kuma cikin kowane yara 100, tsakanin 2 da 5 sukan yi ta ko da sau ɗaya ne. Ƙwaƙwalwar yaro a wannan lokacin ba ta gama ƙwari ba, don haka zafin jiki da ya kai digiri 38 a ma'aunin salshiyas ko ya haura yana iya rikita aikinta na ɗan lokaci. Sau da yawa jijjigar ce ma take fara sanar da iyaye cewa akwai zazzaɓi. Mafi yawanta ba ta kai minti 5 take tsayawa da kanta. Da ke nake magana, uwa, amma uba da kaka da duk wanda ake bar wa yaro, maganar tasu ce.

Da farko, ki duba agogo

Zai yi miki kamar rashin tausayi, ɗanki yana fizga kina kallon waya. Amma lokacin da ta fara shi ne abin da komai zai rataya a kansa daga baya: ko za a kira agaji, ko likita zai ba da maganin gaggawa, ko wace irin jijjiga ce. Ba a dogara da ƙiyasin uwa a nan, domin minti 2 a irin wannan hali kamar rabin awa yake. Ki duba, ki faɗi lokacin da ƙarfi don wani ya riƙe miki.

Ki kwantar da shi a kan gefensa

Ki sauke shi ƙasa, a wuri shimfiɗaɗɗe inda ba zai faɗo ba. Ki juya shi ta gefe, fuskarsa ta ɗan karkata ƙasa, yadda miyau ko amai zai zubo waje maimakon ya koma masa maƙogwaro. Ki kawar da duk abin da zai iya bugewa da shi, da abu mai zafi ko mai kaifi. Ki ninke wani tufa mai laushi ki sa ƙarƙashin kansa, ki sassauta masa wuyan riga. Idan an taru a kansa, a ja baya ya sha iska.

Kada komai ya shiga bakinsa

Nan ne ake yin ɓarna, kuma masu ƙaunar yaron ne suke yi. Za ki ji ana cewa a kawo cokali a sa masa kada ya haɗiye harshe. Mutum ba ya haɗiye harshensa, a ɗaure yake ta ƙasa. Kwanciyar gefe da kika yi masa ta riga ta hana harshen toshe hanyar numfashi. Cokali kuwa yana karya haƙori, yana yaga dasashi, kuma guntun haƙorin yana iya faɗawa hanyar iska. Yatsa ma haka, cizon mai jijjiga ba ya sanin na gida. Idan ya ciji harshe ya yi ɗan jini, wannan zai warke.

Wanda ya fi cokali haɗari shi ne ɗura. Yaro a wannan hali ba ya iya haɗiya. Ruwa, madara, maganin zazzaɓi, ko wani abin sha da aka ce yana farfaɗo da yaro, duk abin da aka zuba masa huhu zai iya nufa. Yaron da zai tashi lafiya cikin minti 3 sai ya ƙare a gadon asibiti da ciwon huhu. Haka nan kada a zuba masa komai a ido ko a hanci.

Kada ki danne shi, kada ki girgiza shi, kada ki rungume shi da ƙarfi don ya daina. Ba zai daina saboda an riƙe shi ba. Kada kuma a tsoma shi cikin ruwan sanyi ko a kwara masa. Hakan ba ya tsayar da jijjiga, ga haɗarin ya shaƙi ruwan.

Na san wuyar wannan matakin. Za a sami babba a wurin yana ba da umarni, ke kuma kina jin nauyin musa masa. Ki ce cikin ladabi, “Don Allah a bar shi a kwance, likitoci sun hana a sa masa komai a baki,” ki kuma tsaya a kan maganarki. Gara a ji haushinki na yini ɗaya.

Ki zuba ido

Yanzu aikinki zama kusa da shi ne. Ki lura: duk jiki ne yake fizga ko ɓangare ɗaya? Ina idanu suka karkata? Launin leɓe ya canza? Idan da wani a kusa, ya ɗauki bidiyo da waya. Likita ba zai ga abin da idonsa ba, kuma bidiyon daƙiƙa 30 ya fi dogon bayanin mutumin da ke cikin ruɗu.

Idan ta kai minti 5

Kada ki ƙara jira. Jijjigar da ta wuce minti 5 ba ta cika tsayawa da kanta ba, tana bukatar magani. Ki kira lambar agajin gaggawa, in babu motar asibiti a tafi da shi asibiti mafi kusa nan take, yana kwance ta gefe a cinyarki, wani daban yana tuƙi. Haka za ki yi ko ba ta kai minti 5 ba idan numfashinsa ya yi wuya, idan wata ta sake biyowa kafin ya farfaɗo, idan ya ji mummunan rauni, ko kuma idan jariri ne da bai kai wata 6 ba. Idan jijjigar ta tsaya amma ƙirjinsa ba ya motsi, wanda ya iya taimakon numfashi ya fara, wani kuma ya kira agaji.

Bayan ta tsaya

Jikinsa zai saki, ya yi laushi, ya yi barci mai nauyi ko ya tashi a ruɗe yana kuka bai gane kowa ba. Wannan yana iya ɗaukar kusan awa 1. Ki bar shi a kan gefensa, ki rage masa kaya, ki riƙa kallon numfashinsa. Sai ya farka sosai, ya gane ki, sannan a ba shi abin sha ko magani.

A kai shi asibiti, ko ya tashi yana wasa

Idan wannan ne karo na farko, dole likita ya gan shi a ranar. Jijjigar ta wuce, amma abin da ya kawo zazzaɓin yana nan, kuma shi ne abin tambaya. Galibi ƙwayar bairos ce, irin ta mura, ko ciwon kunne, ciwon maƙogwaro, gudawa, ko cutar hanyar fitsari. Sai dai akwai cututtuka masu kisa da suke fara bayyana da irin wannan kama, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, kuma uwa ba za ta iya bambance su da ido a gida ba. Inda ake fama da cizon sauro, ko idan kun dawo daga irin wurin, ki nemi a gwada jininsa. Akan kuma duba sukarin jini, domin idan ya yi ƙasa shi ma yana kawo jijjiga. Idan likita ya yi zargin sanƙarau zai nemi ɗibar ruwa daga ƙashin baya. Iyaye da yawa suna tsoron wannan gwajin, amma da shi ake tabbatar da cutar, kuma jinkirin maganin sanƙarau shi ne yake nakasa yara.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida: wuya ya sandare, maɗiga ta kumbura, amai babu tsayawa, yaro ya ƙi farkawa ko bai koma daidai ba bayan awa 1, ɗigo-ɗigon ja a fata da ba ya dishewa idan an danna, ko wani hannu ko ƙafa ya ƙi motsi.

Likita zai raba jijjigar gida biyu. Mai sauƙi ita ce wadda ta kama duk jiki, ba ta kai minti 15 ba, ba ta kuma dawo cikin awa 24 ba. Ita ce ta fi yawa, ba ta lalata ƙwaƙwalwa, ba ta rage wa yaro basira, kuma galibi ba ta bukatar hoton ƙwaƙwalwa. Wadda ta wuce minti 15, ko ta kama ɓangare ɗaya, ko ta maimaitu a yini guda, ita ake zurfafa wa bincike. Kin ga amfanin agogon da kika duba.

Kula da zazzaɓin a gida

Ki ba shi maganin ainihin cutar yadda aka rubuta har ya ƙare. Ki yawaita masa ruwa, in yana shan nono a ci gaba. Kaya marasa nauyi, ba a lulluɓe shi, ba a kuma bar shi yana rawar sanyi. Farasitamol ana auna shi ne da nauyin yaro, kuma ba a wuce sau 4 cikin awa 24. Ibufurofen ba a ba yaron da ruwan jikinsa ya ƙare ko mai ƙarambau. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam.

Akwai abin da nake so ki riƙe, domin ya sauke mini nauyi: waɗannan magunguna suna sa yaro ya ji daɗin jikinsa, amma ba su da tabbacin hana jijjiga. Uwa takan yi ta cin ranta, da na ba shi magani da wuri, da ban yi barci ba. Ba sakacinki ba ne. Wannan tunanin ne kuma yake sa wasu ninka magani da zarar jikin yaro ya yi ɗumi, farasitamol kuwa idan ya yi yawa hanta yake lalatawa.

Shirin gaba

Kusan yaro 1 cikin 3 yakan sake yi a wani zazzaɓin, musamman idan ta farko ta zo kafin wata 18, ko akwai wanda ya taɓa yi a dangi, domin tana bin jini. Yawancinsu suna rabuwa da ita kafin shekara 6. Ba farfaɗiya ba ce. Farfaɗiya takan zo ko babu zazzaɓi, kuma cikin yaran da suka yi mai sauƙin, kusan 1 cikin 50 ne yake samunta daga baya, wanda bai yi nisa da na sauran yara ba. Shi ya sa ba a ɗora su a kan maganin kullum. Yaron da tasa takan daɗe, likita yana iya rubuta masa maganin gaggawa na ajiyewa a gida, dayazefam da ake sawa ta dubura ko midazolam da ake sawa a gefen kunci, tare da koya miki yadda ake yi da lokacin da ake yi. Kada ki saya da kanki, kada ki ari na wani yaro, domin idan ya yi yawa yana danne numfashi.

Kada kuma tsoro ya sa ki daina kai shi rigakafi. Gaskiya ne allurar ƙyanda takan kawo zazzaɓi bayan mako 1 zuwa 2, kuma a wasu yara ƙalilan ya zo da jijjiga, amma ƙyandar kanta ta fi wannan muni nesa ba kusa ba. Ki dai gaya wa mai yin allurar abin da ya taɓa faruwa.

Makonnin farko za ki riƙa farkawa cikin dare kina taɓa goshinsa. Hakan yana raguwa, in kuma ya ƙi raguwa har ya hana ki barci da sukuni, ki faɗa wa likita, ke ma kina bukatar kulawa. Ki zauna da mahaifinsa da duk wanda yake riƙe miki shi, a gida ko a makaranta, ki nuna musu kwanciyar gefen da hannunki, su ma su gwada a gabanki. Sannan ki rubuta a takarda ki manna inda kowa zai gani: a duba agogo, a kwantar da shi ta gefe, kada a sa komai a baki, minti 5 a tafi asibiti. A ƙasa ki sa lambar wayarki, da nauyin yaron na ƙarshe da aka auna.