Yadda za ki auna wa yaro takalmin farko

Jaririn da bai fara tafiya ba, safa ta ishe shi.

In ya fara takawa, ki tsayar da shi a kan kwali da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki zagaye kowace ƙafa da biro. Ki yanko wadda ta fi girma, ki tafi da ita kasuwa.

A can ki lanƙwasa takalmin da hannu. In ya ƙi, ki ajiye shi komai kyansa. Ki zura kwalin ciki, a samu rarar santimita 1 a gaba. Ban da sayen ƙato wai zai girma ya cika shi, tuntuɓe zai riƙa yi.

Bayan wata 2 ko 3 ki sake aunawa.