Kurakuran masu noman attarugu a akwati cikin ɗaki

Duk shekara idan Fabrairu ta kama, hoto iri ɗaya 'yan'uwanmu mazauna Ingila ke turo mini: tsiron attarugu ya yi tsawo siriri kamar zare, ya kwanta a bakin tukunya, a ƙasa an rubuta "Malam, me ya same shi?" Na gaji da maimaita amsa ɗaya ga mutum goma, shi ya sa na zauna na rubuta. Shekarata bakwai ina noman attarugu a akwatin katako da na haɗa da hannuna a Mancesta, tsayinsa mita ɗaya da 'yan kai, yana ɗaukar tukwane huɗu. A garin da hasken rana a Disamba bai kai awa takwas ba, attarugu ba ya samun hasken da yake so a hunturu sai an haɗa masa da fitila, kamar yadda nake yi a akwatin nan.

Abin da mutane suka kasa ganewa shi ne akwati ba lambu ba ne. A gida rana ce ke busar da ƙasa, iska ta kaɗa shuka, ƙudan zuma su yi nasu aikin. A cikin akwati duk babu su, kai ne za ka tsaya a madadinsu. Hannun da ya saba da lambun gida shi ke kashe shuka a nan.

Ruwa shi ne babban makashi, kuma shi ya fi ci mini rai. Na taso ina ganin masu lambu suna buɗe wa kwami ruwa har ya cika, kafin la'asar ƙasa ta tsotse. Da wannan tunanin na fara. Shekarar farko irin da mahaifiyata ta shanya ta ƙulle mini a leda na shuka, guda ashirin da huɗu suka fito, gwanin sha'awa. Kullum safe da yamma sai na ba su ruwa. A mako na uku na buɗe akwati na tarar guda biyar sun faɗi, gindinsu daidai inda ya taɓa ƙasa ya tsuke ya yi baƙi kamar an matse da farce. Na ɗauka ƙishi ne, na ƙara ruwa. Kafin kwana huɗu babu ko ɗaya a tsaye, ga wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje na tashi daga ƙasar duk sanda na taɓa tukunya. Wannan ruɓar gindi ce, ƙwayar cuta ce da ke son ƙasa mai laima da sanyi, kuma tsiron da ta kayar ba ya tashi. Irin nan kuwa ba ni da wani, ya tafi ke nan.

Don Allah ku daina ba shuka ruwa da agogo. Ni ɗaga tukunya nake yi. Idan na ji nauyi na mayar da ita, ko da saman ƙasar ya yi fari. Sai ta yi sakayau a hannu sannan na zuba ruwa a faranti a ƙarƙashinta, na bar ta ta sha minti ashirin, na zubar da saura. A hunturu wannan kan kai kwana huɗu ko biyar. Tukunyar da babu huji a gindinta kuwa kabari ce, a huda ta tun kafin a zuba ƙasa. Ganyen da ruwa ya yi wa yawa yana langaɓewa tamkar mai jin ƙishi, a nan kowa ke ruɗewa ya ƙarasa shi.

Na biyu shi ne fitila, kuma a nan zan yi faɗa, domin maganar ta wuce asarar barkono. Wani ƙanena ya kira ni in zo in ga nasa akwatin. Kwalin talabijin ne, ya manna masa takardar alminiyam ta naɗe nama, ya rataya tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, soket ɗin kuma yana ƙasa kusa da farantin ruwa. Da na sa hannu a saman kwalin sai da na janye, wurin har ya fara ja. A gidan haya, da yara uku suna kwana a ɗakin gefe! Wane attarugu ne ya kai wannan? Irin wannan ƙwan, yawancin wutar da yake ci zafi yake mayar da ita, hasken kaɗan ne. Shukar tana dahuwa kuma tana yunwar haske a lokaci ɗaya. Ranar ban bar gidan ba sai da muka kwance shi.

A sayi fitilar LED mai farin haske. A akwati irin nawa mai wat 100 na gaskiya, wato ainihin wutar da take ci ba lambar talla ba, ta wadatar. Ina ajiye ta kamar santimita 30 zuwa 40 sama da ganye, ina ɗaga ta yayin da shuka ke girma. Tsiron nan mai kama da zare da ake turo mini, neman haske ne ya miƙar da shi, fitilar ta yi nisa ko ta yi rauni. Awa 16 a kunne, awa 8 a kashe, kuma a sayi ɗan agogon da ke kunnawa ya kashe da kansa, ba shi da tsada. Masu barin ta dare da rana kuɗin wuta kawai suke ƙonawa. Duk wata waya da soket su kasance a sama, a wajen akwati. Cikin kuma farin fenti nake shafawa, ya fi mini takardar alminiyam da ke yamutsewa.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata shekara. Iri daga ɗanyen attarugu kore ba ya fitowa da kyau, a ɗauka daga wanda ya nuna jawur. Ƙasar tana son ɗumi na digiri 25 zuwa 30 kafin iri ya tsage, kuma attarugu yakan yi mako biyu zuwa huɗu, don haka kada a tone a duba. Ƙasar bayan gida tana shigo da ƙwari, a sayi ta buhu. Akwatin da babu fanka yana tara zafi da gumi. Tsohuwar fankar kwamfuta a sama tana fitar da iska, da huji a ƙasa, sun isa. Taki mai ƙarfin ganye irin yuriya zai ba ka daji kore shar babu ɗa ko ɗaya, da fure ya fara ni takin tumatir nake komawa, rabin abin da aka rubuta a kwalba. Darɓa kuwa a ƙarƙashin ganye take ɓuya, a riƙa juyawa ana dubawa, in an gani a wanke da ruwan sabulu kaɗan da man darbejiya.

Akwai kuma kukan da ake yi mini a watan Yuni, wai fure yana fitowa yana zubewa. Abu biyu nake tambaya. Nawa ma'aunin zafi ke nunawa da rana? In ya haura 32, furen zai zube, a buɗe ƙofar akwati a ƙara iska. Sannan wa ke girgiza shukar? Furen barkono yana iya barbarar kansa, amma sai wani abu ya motsa shi garin da ke cikin furen ya zuba. Ni kullum da hantsi nakan ɗan ƙwanƙwasa sandar kowace shuka da yatsa, wani lokaci na bi furannin ɗaya bayan ɗaya da audugar goge kunne. Bayan kamar mako ɗaya za ka ga farin furen ya bushe ya faɗi, a gurbinsa ɗan kore kamar ƙwayar wake ya leƙo.