Saurayi ya ji ciwo a guringuntsin gwiwa: yadda ake bi kafin a kai ga dashen ƙwayoyin halitta

Guringuntsin da ya lulluɓe ƙarshen ƙashin gwiwa ba shi da jijiyar jini, shi ya sa in ya fashe ko wani yanki ya ɓalle a wajen ƙwallo ko faɗuwa daga mashin ba ya warkewa da kansa kamar yadda karaya ke haɗewa. To kar a ɓata lokaci wajen mai ɗori, wannan ba aikinsa ba ne, ba ƙashi ne ya karye ba. Alamun su ne gwiwa na kumbura bayan an ɗan yi gudu, wani lokaci ta maƙale ko ka ji ƙas a ciki.

Abu na farko a ga likitan ƙashi, irin na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma a nemi hoton MRI, don eksire ba ya nuna guringuntsi sosai, za a iya ce maka lafiya lau alhali akwai rami. Ka tambayi likita girman ramin da inda yake. In yaron bai gama girma ba, sau da yawa hutu da daina wasa na wasu watanni kan isa in yankin bai ɓalle ba, saboda haka kar a yi gaggawar tiyata.

Dashen da ake magana a kai sunansa ACI, wato dasa wa mutum ƙwayoyin halittar guringuntsinsa a ramin, likitocin Gothenburg a Suwidin, Lars Peterson da Mats Brittberg, su suka fara shi a 1987 suka wallafa sakamako a 1994. Tiyata biyu ce, a shirya ma wannan tun farko. Ta farko da ƴar kyamara ake shiga gwiwar a yanko ɗan guringuntsi kaɗan daga gefen da ba ya ɗaukar nauyi, a kai leb a raini ƙwayoyin halittar har su yawaita su kai miliyoyi, wannan kan ɗauki kamar sati 4 zuwa 6, sannan a dawo a buɗe gwiwar a gyara bakin ramin a dasa su. Tunda na jikinka ne babu maganar jiki ya ƙi karɓa. Sabon salon da ake kira MACI, wanda Amurka ta amince da shi a Disamba 2016, a kan wata ƴar shimfiɗa ake zuba ƙwayoyin a liƙa ta a ramin, kuma shimfiɗar daga jikin alade ake samo ta, gara ka sani tun yanzu ka tambayi malaminka da likitanka. Akwai Spherox da Turai ta amince da shi a 2017, shi babu shimfiɗar dabba, ƙwayoyin ake dunƙulewa ƙanana a sa.

Ba kowa ake yi wa ba fa. A Ingila ƙa'idar da suka fitar a 2017 ita ce ramin ya wuce murabba'in santimita 2, gwiwar ba ta riga ta cinye da amosanin gaɓɓai ba, kuma ba a taɓa yin tiyatar gyaran guringuntsin ba. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba sa lura da ita. Akwai tiyata mai sauƙin kuɗi da ake huda ƙashin ƙasan ramin don jini da ɓargo su fito su cike wurin, tana da amfani a ƙaramin rami, amma abin da ke tsirowa bai kai guringuntsin asali ƙarko ba, kuma in an fara da ita dashen da za a yi daga baya ya fi saurin lalacewa. Don haka in ramin babba ne, a yi maganar ACI kafin a huda, ba bayan an huda ba. In akwai gwame ko jijiyar gwiwa ta tsinke sai an gyara su, in ba haka ba nauyi zai ci gaba da danne wurin da aka dasa.

In fita waje za a yi, Indiya ko Jamus ko wani wuri, ka tambayi sunan salon dashen takamaimai da hukumar da ta amince da shi. Masu cewa za su yi maka allurar stem cell (ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗewa zuwa wasu iri) sau ɗaya ka tashi ka buga ƙwallo, ni dai a ganina a riƙe kuɗin, ba a tabbatar allurar tana cike rami ba. Ka kuma lissafa tafiya biyu ko dogon zama, da kuɗin fisiyo, wato gashi da motsa gwiwa bayan tiyata, ba kuɗin tiyata kaɗai ba.

Jinyar ita ce mai wuya musamman ga matashi mai zafin jini. Kusan sati 6 kana kan sanduna ba ka taka ƙafar da cikakken nauyi, ana lanƙwasa gwiwar a hankali, wani wurin da na'ura, daga nan keken motsa jiki da ninƙaya, gudu sai an yi watanni, ƙwallo kuwa shekara ɗaya ko fiye. Sallah a zaune kan kujera na wani lokaci, banɗaki ma a nemi na zama don tsuguno ba zai yiwu ba. A daina taba sigari, a rage ƙiba in akwai, kuma a samu mai fisiyo kusa da gida tun kafin a sa ranar tiyatar farko.